Cokali a Jikin Kofi

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Takarda na zaɓa, don ita ba ka iya kashe ta kamar waya.

Ka san tun da ciwon shanyewar jiki ya taɓa Babanku, magana sai ya nemo ta. Ranar da ka kira yana cikin nema ka yi ta cewa "Baba? Baba?" ka kashe. Ina gefensa, leɓensa na rawa, maganar ta fito ba mai ji. Ya miƙo mini wayar ya juya wa ɗakin baya. Har yau bai sake tambayarta ba. Ba haka na tarbiyyantar da kai ba. Saurin me kake yi?

Allah ya shirya.
Mahaifiyarka

Mama,

Ina gaishe ku da ladabi. Wallahi na ɗauka layi ne ya yanke.

Abin kunya, irin wannan matsalar nake gyarawa a wurin aiki. Manhajarmu tana kula da ƙananan kwamfutoci da ke zaune cikin babba guda. In ta sa a kwashe ɗaya zuwa wata na'ura, aikin yana daɗewa, can kuma shiru. Da wa'adin jira ya cika sai ta ɗauka layin ya mutu, ta yanke, alhali ana tsakiyar aiki. Ƙara wa'adin bai yi ba, don wani lokacin da gaske layin ya mutu. Sai muka sa mai aikin ya riƙa aiko 'yar alama, "ina nan, ban gama ba."

Don Allah ki ajiye wa Baba cokali kusa da kofinsa. In yana neman magana ya riƙa ƙwanƙwasawa da hannunsa mai lafiya. Muddin ina ji, ba inda za ni.

A yafe mini.
Auta

Auta,

Mun gaishe ka. Ubanka ba na'ura ba ne, kuma ɗan kirki ba ya bukatar cokali kafin ya yi haƙuri. Wannan ka riƙe.

Amma na karanta masa takardarka. Ya yi dariya da rabin baki, ya ce a kawo babban cokali. Tun jiya yake gwadawa, har kofin mai fure ya tsage. Na ce me za ka faɗa masa haka? Ya ce maganar ba tawa ba ce, taka ce.

Ka kira bayan azahar. Kada ka cika shi da surutu.

Allah ya yi maka albarka.
Mahaifiyarka