Hannun Mai Hoto

Sabha, 6 ga Mayu

Zuwa ga kakana Malam Siradji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Ouma da duk mutanen Damagaram.

Hajja Houda, mai zauren biki, ta ba ni dama ta ƙarshe: biki ɗaya. In hotunansa suka lalace, za ta kawo wata mai hoto. Bikin ranar Alhamis ne, 30 ga wata.

Ka san shekara uku ke nan ina ɗaukar hoto a zauren bikinta, ɓangaren mata, inda namiji ba ya shiga. Abin da ban taɓa gaya maka ba shi ne ba na ganin aikina. Matan nan suna tuɓe mayafi a ciki, don haka da an tashi, gwaggon amarya na tsaye a bakin ƙofa, in zare katin kyamara in damƙa mata. Ko allon kyamarar ba a son in daɗe ina kallo. To gida biyu a jere sun kawo ƙara. Hotuna dishi-dishi, fuskar amarya kamar an shafa mata ruwa.

Na je wurin Muƙaddas, Bakanen nan mai shagon kyamara a unguwar Mahdiya. Ya ce tawa ta 'yan koyo ce, ba ta da abin hana rawa, wanda ke tsai da hoto in hannu ya motsa. Wai akwai sabuwa da kamfanin zai fitar, tana da shi a jikinta, kuma ba ta kai manyan tsada ba. "Madam, sati biyu kawai," in ji shi, har da kama gemu.

Kai da ke karanta komai, har takardar da aka ƙunso tsire, gaya mini: in jira ta?

Jikarka, Faouzia

*

Damagaram, 9 ga Mayu

Amaryata Faouzia,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Kishiyarki Ouma ta amsa gaisuwa, ta ce har yanzu ba ta ga turaren da kika yi mata alkawari ba.

Na duba. Kamfanin bai sanar da komai ba. Shafin intanet huɗu na gani sun kawo labarin, uku daga na huɗun suka kwasa, shi kuma ya ce "wata majiya". A zamanin da nake ɗaukar hoto a jarida, irin wannan kwandon shara yake tafiya. Ko gobe aka sanar, kafin kaya su iso Sabha an yi watanni. Gemun Muƙaddas ba jirgi ba ne.

Gaskiyarsa ɗaya: kyamarori aji uku ne. Ta ƙasa, ta tsakiya, da ta ƙwararru. Yawanci ana hana ta ƙasa abin hana rawa ne da gangan, don mai saye ya hau aji na gaba. Amma abin nan wuri biyu ake sa shi, ko a jikin kyamara ko a cikin gilashin da ake ɗaura mata a gaba. Kuma rawar hannun mai ɗauka kaɗai yake gyarawa. In amarya ce ta juya kai, babu ruwansa.

Saboda haka kada ki sayi magani ba ki san ciwo ba. Ki manna shafin jarida a bango. Ki tsaya taku uku, ki sa saurin ƙiftawar kyamara a ɗaya bisa sittin na daƙiƙa, ki ɗauka sau goma. Ki buɗe su a babban allo, ki ƙirga nawa ake iya karanta ƙananan baƙaƙen. Lamba nake so, ba "da dama-dama" ba.

Ki ci gaba da rubutowa. Saƙon murya iska ne.

Angonki, Siradji

*

Sabha, 13 ga Mayu

Kaka,

Bayan gaisuwa. Uku suna karantuwa, bakwai ba sa karantuwa.

Na ce ko kyamarar ce. Na kira maƙwabciyata Chafaatou, mai sayar da abinci, wadda ba ta taɓa riƙe kyamara ba. Na saita mata, ta ɗauka sau goma tana dariya. Takwas sun fito tas.

Tunda lamba kake so, ga wata. Wata biyar ke nan ba na cika kofin shayi. Na ɗauka gajiya ce. In hannun yana kan cinyata lafiya lau yake, sai na ɗaga abu yake fara rawa.

Muƙaddas yanzu ya koma "bayan Sallah".

Ina da tambaya, kada ka kauce. Ina yarinya, rubutun hannunka ake nuna mana a gida don mu koya. Yaushe ka koma buga komai da na'ura?

Ka gaida Inna. Turarenta na wurin direban Agadez.

Faouzia

*

Damagaram, 15 ga Mayu

Faouzia,

Bayan sallama. A 1998 ne.

Kowa a gidan nan ya san na bar jarida don sabon darekta ba ya ƙaunata. Ni na ba da labarin haka, kuma ba daidai ba ne. Hannuna ne ya fara rawa. Na yi shekara biyu ina ɓoyewa. In an aike ni taro, sai in ƙone fim biyu inda ɗaya ya isa, in tsinci abin da ya tsira. Ranar da aka buɗe wata gada, na dawo babu ko ɗaya. Na ce fim ne ya sha zafi. Mai wankin hoto, Daouda, ya ɗaga fim ɗin a haske, ya dube ni, ya tafi da shi. Da safe darekta ya kira ni. Ya ce da na faɗa tun farko, da ya mai da ni teburin zaɓen hotuna. Ya ce hannu ba laifi ba ne, amma ba zai iya aiki da wanda ya ɗora wa fim ƙarya ba.

Mahaifina ma ya yi fama da rawar hannun. Ya kamata in gaya wa babanki, ya kamata in gaya miki ranar da na sa miki kyamara a hannu. Ki yafe mini.

Yanzu aiki. Ki ga likita, don ba kowace rawar hannu ce ta gado ba, wata gwajin jini ke gano ta. Ki rage shayi. Ki manta da kyamarar da ba ta fito ba. Ki nemi gilashi mai hana rawa wanda ya dace da taki, ko na hannu ne. Saurin ƙiftawa kada ya sauka ƙasa da ɗaya bisa ɗari biyu da hamsin. Hoto zai ɗan yi tsakuwa-tsakuwa saboda ƙarancin haske, amma gara tsakuwa da hazo. Ki samu sandar nan mai ƙafa ɗaya da ake ɗora kyamara. Gwiwar hannu a haƙarƙari, ki danna bayan kin saki numfashi.

Kuma ki gaya wa Hajja Houda kafin bikin.

Kakanki, Siradji

*

Sabha, 22 ga Mayu

Kaka,

Gaisuwa da fatan alheri. Babu abin yafewa. Kwana biyu na yi ina jin haushinka, ya wuce.

Na samu gilashin, na wani Basudane ne da ya bar sana'a. Muƙaddas ya sayar mini yana ƙunƙuni, wai zan yi da-na-sani in sabuwar ta fito. Da gilashin da sandar na maimaita gwajin jarida: tara cikin goma. Likita ya ɗibi jini.

Amma ba zan gaya wa Hajja ba. Kai a garinku ka yi aiki, darektanka na da wani teburin da zai ba ka. Hajja ba ta da tebur. Tana da 'yar ƙanwa da ta sayi kyamarar ƙwararru, ƙatuwa, irin wadda iyayen amare ke gani su ce wannan ita ce mai hoto. Ni baƙuwa ce mai ƙaramar kyamara. In na ƙara da "hannuna na rawa", na sallami kaina.

Faouzia

*

Damagaram, 24 ga Mayu

Amaryata,

Bayan sallama. Kin fi ni sanin Sabha, ba zan yi musu ba. Abu ɗaya kawai: in ba za ki faɗi gaskiyar ba, kada ki ƙirƙiro wata a madadinta. In an tambaye ki, kada ki ce kyamara ce.

Allah ya dafa miki ranar Alhamis.

Siradji

*

Sabha, 2 ga Yuni

Kaka,

Assalamu alaikum. An yi bikin.

Ina shiga da sandar, Hajja ta ce, "Wannan fa? Tsufa ya zo ne?" Na ce kayan aiki ne. Ta ce, "Shekara uku ba ki buƙace ta ba. Kyamarar ce ta lalace?" Mata biyu na gefe suna jera kujeru. Na ce a'a, kyamara lafiyarta lau, hannuna ne, ga abin da na yi a kai. Ta ce in miƙo hannun. Na miƙa. Ta daɗe tana dubansa fiye da yadda nake so, sannan ta ce in je in fara, amarya ta iso.

Na ɗauki ɗari uku da sha biyu. Da aka tashi na roƙi gwaggon amarya ta tsaya a kaina minti biyar in duba kafin in ba ta katin. Ta yarda da minti biyu. Guda tara na samu na buɗe na ƙara girmansu. Har zanen lallen yatsu ana gani. Sauran ɗari uku da uku ban gan su ba.

Hajja ta ce in uwar amarya ta ga hotunan ta kira ta, za ta neme ni in ji hukunci. Zuwa yau da hantsi Hajja ba ta kira ni ba.

Ka huta lafiya.

Jikarka, Faouzia