Ƙwan Gyaran Murya

Azare,
Ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Jamila,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara da duk mutanen Gololo. Yaya zafi? Yaya ƙafar Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na ba Gali direba takardar nan ne don in na kira ki a waya kina gaban Inna, ke kuwa ba ki iya ɓoye damuwa ba. Ki karanta ke kaɗai.

'Yarki Fatimatuzzahra tana asibiti tun shekaranjiya. Ran Lahadi da hantsi cikinta ya fara murɗawa, kafin la'asar ta zaga sau tara, ga amai, ga jiki zafi rau. Na haɗa ruwan gishiri da sukari, ko cokali ɗaya bai zauna ba. Yanzu leda ta huɗu ke nan ana ƙara mata ruwa. Yarinyar da za ta je Bauchi musabaƙar izu ashirin ran Asabar, ga ta ko sunana ba ta iya kira sai na kai kunne bakinta. Zama ya gagare ni, Yaya. In na zauna bakin gado sai in miƙe, in na fita baranda sai in ji kamar ta kira ni.

Na san inda abin ya fito. Ran Asabar da ta wuce ta sha zoɓon Ya Gana, maƙwabciyarmu 'yar Borno da ke sayarwa a ƙofar Islamiyya. Wa ya san da wane ruwa take jiƙa shi? Na samu shugaban makarantar na zazzage masa, ya kuwa hana ta ajiye kularta a wurin. Matar nan ko kunya, jiya sai ga ta da kunun gyaɗa a fulas wai a ba mara lafiya. Ban karɓa ba. Kin san ni, abin da ke cikina shi ke bakina.

Ki ce wa Inna ƙwan da ta aiko cikin dusa sun iso lafiya. Kullum da safe nakan fasa ɗaya ɗanye a kofi, in zuba zuma, Zahra ta toshe hanci ta shanye, yadda Inna ta ce ana yi wa masu karatu don murya ta washe. Kada dai ki faɗa mata zancen asibiti tukuna.

Ku sa mu a addu'a. Ni ce ƙanwarki,
Zulaiha.

Azare,
Ranar Alhamis.

Yaya Jamila,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Inna da yara, da fatan kowa lafiya lau.

Zazzaɓin ya ɗan sauka, amma ni nawa ya tashi. Yau aka kawo sakamakon gwajin bayan gidanta. Likita ta ce wata ƙwayar cuta ce, salmonela, da ke shiga ta abinci. Na yi caraf na ce ai zoɓo ne. Ta tambaye ni yara nawa suka sha ranar, na ce sun haura talatin. Ta tambayi nawa suka kwanta. Yaya, babu ko ɗaya. Sai ta ce cutar ta fi zama a kashin kaji, da naman kazar da bai dahu ba, da ɗanyen ƙwai, wuta ce kawai ke kashe ta. Ta ɗago ta dube ni. Na faɗa mata gaskiya da muryar da ni kaina da ƙyar na ji ta.

Da azahar na je gida ɗauko zannuwa, na buɗe ƙwaryar ƙwan. Saura bakwai. Na ɗaga ɗaya na ga busasshen kashin kaza a ɓawonsa har da ɗan gashi manne. Kwana goma suna ajiye a wannan zafin, ni kuma ina fasawa da hannuna ina cewa ta daure ta shanye. Na haƙa rami a bayan ɗaki na binne su kamar ɓarauniya.

Ban gaya wa kowa ba, har babanta, wanda har yanzu in ya wuce ƙofar Ya Gana sai ya yi tsaki. A unguwa an daina sayen zoɓonta, wasu ma sun laƙaba mata mai zoɓon guba. Ɗazu na hangi kularta a kife a zaure, na sauya hanya.

In na buɗe baki, magana za ta kai Gololo kafin Gali ya kai. Tsohuwa mai hawan jini, da ta bi akurki da ciwon ƙafa tana tara wa jikarta ƙwai, a ce mata ita ta kwantar da ita? In kuma na yi shiru, na ci amanar maƙwabtaka. Gaba kura baya sayaki. Na kai gwauro na kai mari tsakanin ɗakin marasa lafiya da bakin famfo har wata ma'aikaciya ta tambaye ni ko wani abu na yar. Tsoro nake ji, Yaya, kuma kunya ta fi tsoron yawa.

Taki,
Zulaiha.

Azare,
Ranar Litinin.

Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna da kowa da kowa, na ga saƙonki wurin Gali, na gode da nasiha.

Alhamdulillahi, an sallame mu jiya. Musabaƙa ta wuce, wata aka tura. Zahra ta rame sai idanu, amma tana shan kunu yana zama. Na zaci kukan Bauchi za ta yi mini. Ina shafa mata mai sai ta ce, “Umma, ranar nan fa ba barci nake ba, na ji abin da kika faɗa wa likita.” Ban iya haɗa ido da ita ba.

Yau da yamma, lokacin da iyaye ke zuwa ɗaukar yara, na tsaya a ƙofar Islamiyya gaban shugaban makaranta na ce zoɓon Ya Gana ba shi da laifi, ɗanyen ƙwai ne, kuma hannuna ne ya fasa. Ban ambaci Inna ba. Ke ki san dabarar da za ki yi mata, ki ce likitoci sun ce a riƙa dafawa, kafin ta gyara wa wani jikan murya.

Daga nan na wuce gidan Ya Gana. Na so a ce zagina ta yi. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta fara tambayar jikin yarinya. Da na gama bayani ta rufe fuska da mayafi ta yi ta hamdala. Ashe tun ranar da na mayar mata da kunu ta zubar da zoɓonta duka, ko abinci ba ta iya ci, tana zaton ita ta kusa kashe mini 'ya. Ta ce ta yafe. Har na miƙe sai ta ce, “Maman Zahra, tun yaushe kika sani?”

Na ce tun Alhamis.

Ta ƙirga kwanakin da yatsunta, ɗaya bayan ɗaya, ina kallo. Sannan ta raka ni har zaure.

Ɗazu kafin magariba na ji sallamarta. Ko da na fito ta riga ta juya, ta bar fulas ɗin kunu a bakin ƙofa. Shekara tara muna tare, Yaya, ba ta taɓa tsayawa a ƙofar gidana ta juya ba tare da ta shigo ba sai yau.

Ki gaida Inna. Ni ce ƙanwarki,
Zulaiha.