Kalmar «adresse» da idon Yayana Salisu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kamfanin da ya ƙera manhajar shiga garejin manyan motoci na hanyar Baguida a Lomé,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da ma'aikatanka. Ban saba rubutu a bainar jama'a ba. Na aiko wasiƙa biyu a ɓoye, ba a amsa ba.

Na ɗaya. Yayana Salisu shi ne magatakardan ƙofar garejin. Da manhajarku yake buɗe wa direbobi takardar fita zuwa tashar jirgin ruwa. Ranar Laraba da hantsi manhajar ta tsaya, ta rubuta «adresse introuvable», wato ba a sami adireshi ba. Yawancin direbobin baƙi ne daga Nijar, Burkina da Mali, marasa gida a Lomé, kuma tun lokacin rajista shi ne ya rubuta musu «Zongo», unguwar baƙi, a gurbin adireshi da hannunsa. Da wani ya fassara musu saƙon, sai suka ɗauka ya goge su ne domin ya shigar da 'yan gari. Suka jawo shi ta taga. Suka tattake shi a kan tsakuwa, wani ya sauke masa ƙarfen cire taya a fuska. Haƙarƙarinsa uku sun karye, idonsa na hagu ya fashe. Ni na wanke jinin daga rigarsa.

Na biyu. Adireshin da manhajar ke nufi ba na mutum ba ne. Ilimin kwamfuta na karanta a jami'a, kuma na gwada kafin in yi magana. Babbar na'urarku da manhajar ke tuntuɓa ta intanet tana da adireshi iri biyu, sabon tsari IPv6 da tsohon tsari IPv4. Burauza mai kyau, wato manhajar buɗe shafukan intanet, takan fara da sabon, in bai amsa cikin ƙiftawar ido ba ta nemi tsohon, ta bi wanda ya riga amsawa. Ranar nan hanyar sabon ta yanke, tsohon yana lafiya. Manhajarku ta liƙe wa sabon har ta gaji. A wayar aikin Salisu da aka tsinta ƙarƙashin teburinsa na gwada a ranar, a kan layi ɗaya, burauza ta buɗe shafinku, manhajar ta kasa.

Na uku. Ban ce ku kuka riƙe ƙarfen ba. Masu dukan suna da nasu hisabin. Amma har yau a masallacinmu akwai masu matsawa idan ya shigo sahu, domin sun yarda ya ci amanar baƙi.

Ina roƙon ku gyara manhajar ta riƙa komawa tsohon tsari, ku kuma cire kalmar «adresse» daga saƙon. Sannan ku turo wakili ƙofar garejin ya faɗa wa direbobi da Hausa cewa Salisu bai goge kowa ba. Na tambaye shi abin da yake so in nema masa. Bai ambaci idon ba, wannan roƙo na ƙarshe kaɗai ya ce.

Allah Ya yi maka jagora, Ya tsare iyalinka daga hannun taron da bai fahimta ba.

Wassalam.

Mahamadu, ƙanin Salisu
Zongo, Lomé