Na Bar Shagon Iya Abike Kafin a Yaye Ni

Jos, Janairu 1957

Zuwa ga Gwaggo Hassana a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Kawu Bala da yara. Allah ya ƙara miki lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane, amin. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Baba ta yi sauƙi har ya koma dakon kuza, Inna kuma tana nan da tuyar ƙosanta.

Gwaggo, akwai maganar da nake jin nauyin faɗa miki. Na bar shagon Iya Abike, inda kika kai ni koyon ɗinki da hannunki. Na san mun yi da ke zan daure har a yaye ni bayan damina mai zuwa, amma ban iya ba. Kullum wanke-wanke da goyon jikanta, kalmasa da ɗinkin maɓalli kaɗai nake taɓawa. Ranar da na ƙona ɗankwali da dutsen guga, ta tsayar da ni gaban masu kawo ɗinki ta ce su dubi mai takardar makaranta da ba ta san zafin gawayi ba. Suka yi ta dariya. Washegari ban koma ba, ko sallama ban yi mata ba.

Na ciro keken hannun da kika bar mini, na kafa a zaure. Da farko na ji daɗi, don leburorin kuza suna kawo mini facin wando, ba mai yi mini tsawa. Sai wata baiwar Allah mai suna Ana, daga Unguwar Rukuba, ta kawo atamfa in ɗinka mata buba ta Kirsimeti. Da na shimfiɗa yadin na ɗauki almakashi, sai na ga ban san ta inda zan fara ba. Iya Abike ba ta koyar da yanka sai a watannin ƙarshe, a ɗakin ciki take yi, mu dai a miƙo mana mu haɗa. Kunya ta hana ni cewa ban iya ba. Na ɗora tsohuwar bubar Inna a kai na bi da almakashi, wuyan ya fito da faɗi har yana zamewa daga kafaɗarta. Ana ba ta zage ni ba. Ta daɗe tana duban rigar, sannan ta tambaye ni a hankali wa ya yaye ni. Ta ɗauki rigarta ta tafi. Ranar idinsu na hango ta za ta coci da tsohon zanenta, na ɓuya bayan ƙofa.

Idiat da muke koyo tare ta gaya mini Ana ta kai rigar shagon ko za ta gyaru. Wai Iya Abike tana juya ta ta gane hannuna, ta ce ɗinkin ya miƙe, sai dai an tsinki yarinyar ɗanya. Na roƙi Baba ya je ya ba Iya Abike haƙuri, ya ce a al'adar masu koyar da sana'a wanda ya kai yaro shi ke mayar da shi, kuma ban shawarce shi ba da zan fita.

Don Allah Gwaggo, tunda ke kika kai ni, ki sa a rubuto mata, ko layi kaɗan ne. In ta yarda zan je in durƙusa, ko gaban mutane ne. In ta ƙi, ba laifinta ba ne. Kafin amsarki ta zo, duk mai kawo sabon yadi ina cewa ta kai wani wuri, faci kaɗai nake karɓa.

Ki gaishe mini da Kawu Bala, da Yaya Isa, da su Jika. Inna da Baba suna gaisuwa.

Ni ce 'yarki mai neman gafararki,
Tabawa