Ban Ce Ba Ni Jin Ciwo Ba, Wan Mijina Ne Ke Ɗakin

Zuwa ga Shugaban asibitin da anka yi mini aikin mama,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, ina kuma gaida likitocinka da ma'aikatan jinya.

Sunana Hassu, Bagobira ce ni daga Turba, ƙaramar hukumar Isa. Gero nike saye Sabon Birni ina sayarwa. Ni ce mace ta farko a unguwarmu da ta yarda anka cire mata nono saboda ciwon daji, kuma da ƙafata na zo, ba a ɗauko ni ba. Ban rubuto don a ji tausayina ba. Ƙanwata Balki ce ke da ƙululu a nonon hagu, ta rantse ba ta zuwa wurinku, kuma ƙirjina ne hujjarta.

Na ɗaya. Ranar da kunka cire nonon kun sa mini na roba a madadinsa, kun ce za ni koma kamar da. Madalla, ya yi kyau, har na ɗinka sabuwar riga. Bayan damina sai wani sashenku ya ce sai an yi mini gashi da na'ura. Babu wanda ya gaya mini gashi da roba ba su cika shiri ba. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta bayyana mini daga baya, a bakin famfo, cewa gashin na iya ƙandarar da naman da ke kewaye da robar. Mi ya hana a faɗa mini tun farko, in zaɓa da kaina ko a jinkirta sa robar?

Na biyu. Bayan gashin, fatar ta yi baƙi ta ɗaure, nonon ya haye sama ya yi tauri kamar ɗanyar ƙwarya. Ni da nike ɗora tiya goma a kai ban nemi mai ɗaga mini ba, yau ɗaurin kallabi sai na ciji leɓe.

Na uku, kuma nan ne zuciyata ke tafasa. Likitan da ke duba ni Bayarabe ne, bawana ne a wasanmu na Gobirawa, kuma wallahi hannunsa na da kyau, ban raina shi ba. Amma Hausarsa ba ta wuce sannu ba. Maigidana ba shi da lafiyar tafiya, don haka wansa ne ke rako ni, shi kunka mayar tafinta. Haba, ranka ya daɗe! Mutumin da shekara ashirin da aurena ban taɓa kiran sunansa ba, ban taɓa cin abinci gabansa ba, shi za ni gaya wa nonona ya ƙandare? Sau huɗu ana tambayata, sau huɗu ina sunkuyar da kai in yi godiya ga Allah. Shi ma bawan Allah bango yake kallo, kunya kamar ta kashe shi. Sai anka rubuta ba ni da wata damuwa, har wurin ɗinkin ya buɗe ya fara ruwa. Yanzu kun ce sai an cire robar.

Ku cire ta. Na haifi shida ban yi kuka ba, wuƙarku ba ta ba ni tsoro. Kunyata ba jahilci ba ce, tarbiyyar uwata ce, kuma ba ni yar da ita a ƙofar asibitinku.

Abin da nike nema kaɗan ne. A samar da mace mai jin Hausa a ɗakin, a ce dangin miji su jira waje. Mai wuƙa da mai gashi su zauna su yi magana da juna kafin a taɓa mace. A gaya mata gaskiya duka, mai daɗi da mai ɗaci.

Balki ta ga ƙirjina, ta koma ga jiƙe-jiƙe, ƙululun kuwa bai jira ta ba. Na gaya mata ina raye ne saboda aikinku, ta ce in nuna mata macen da za ta saurare ta a asibitinku. Ku ba ni amsar da za ni kai mata, ni kuwa za ni kawo ta ko da a bayana ne.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama da mutunci.

Wassalam.

Hassu, Turba.