Ta'aziyyar Dakta Nana Hauwa Mailafiya, Mai Bin Sawun Alminiyom a Jikin Ɗan Adam

Cikin alhini da miƙa wuya ga hukuncin Allah, Ƙungiyar Maƙeran Tukwanen Alminiyom ta Dala ta samu labarin rasuwar Hajiya Dakta Nana Hauwa Mailafiya, masaniyar kimiyyar sinadarai, wadda Allah Ya karɓi ranta ranar Talata a gidanta da ke Gwammaja bayan gajeriyar jinya.

Mun san marigayiya ne shekaru shida da suka wuce, lokacin da jita-jita ta bazu cewa tukwanenmu na kashe ƙoda, har kasuwarmu ta kusa mutuwa. Ta zo maƙerarmu a Ƙofar Dawanau, ta zauna kan benci tana tambaya kamar ɗaliba: me muke narkawa, kuma wace miya ce ta fi cin tukunya? Ta ce ba za ta wanke mu ko ta kama mu da laifi ba sai ta auna.

A wani ɗakin bincike na ƙasar waje, ita da kanta ta sha ɗan mitsitsin wani nau'in alminiyom da masana ke kira aisotop, wanda nauyinsa ya ɗan bambanta da na tukunya, don haka na'ura ke iya gane shi duk inda ya shiga. Daga nan ta riƙa aika jininta ana aunawa. Ta bayyana mana cewa mafi yawan alminiyom ɗin da mutum ya ci wucewa yake yi, kaɗan ke shiga jini, ƙoda ta fitar da akasarinsa, ragowar kuma ya maƙale a ƙashi. Ta gargaɗe mu kan barin tsamiya da yakuwa su daɗe a tukunya, musamman ga masu ciwon ƙoda, ta kuma hana mu narka duk tarkacen da ba mu san asalinsa ba. Ba duka muka ji daɗi ba, amma mun bi.

Da aka dawo mulkin farar hula a watan jiya, tana shirin kai bincikenta gaban sababbin 'yan majalisa. Tambayar da ta rage mata ita ce shekara nawa ragowar ke yi a jiki. Sakamakon jinin da ta aika na ƙarshe yana hanya, kuma muna roƙon iyalanta, idan ya iso, su bari a karanta mana.

Muna miƙa ta'aziyya ga maigidanta, Alhaji Mikail, da 'ya'yanta da ɗalibanta. Allah Ya gafarta mata, Ya ba su haƙurin jure wannan rashi.

Isyaku Mukhtar Dala
Sakataren Yaɗa Labarai
17 ga Yuni, 1999