Ƙwan Alewar Lantana

Hunkuyi, Litinin, 20 ga Maris, 1944

Wannan takarda ta fito daga hannun Iliyasu Kuku zuwa ga mai ɗakina Lantana, a Ikara. Gaisuwa mai yawa, da yarda, da aminci.

Bayan haka, ina fata kina lafiya, da ke da mai jego Huseina, da sabon angonki Inuwa, wanda ya raba ni da ke tun bai cika kwana bakwai a duniya ba. Ina gaida surukinmu Malam Ashafa, wanda na san shi ne zai karanta miki wannan takarda. Allah ya saka masa da alheri. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara da ya shigo da ƙarfinsa.

Ina sanar da ke cewa Baturen gona ya sauka a barikin Hunkuyi tun makon jiya a kan sha'anin rake da mazarƙwaila. Yana tare da matarsa da 'ya'yansu biyu, waɗanda yaƙi ya hana a mayar da su ƙasarsu. Ranar Juma'a Baturiyar ta aiko a kira ni. Ta ce kafin tsohuwar uwargijiyata ta Zariya ta bar ƙasar nan, ta gaya mata cewa in tana son ƙwan alewa na sallar Ista, irin wanda ake yi da man shanu da sukari a tsoma shi a cakulan, to, kada ta nemi kowa sai Iliyasu. Na ce mata na ajiye aiki shekara huɗu ke nan. Ta ce hannun da ya yi abu shekara goma sha tara ba ya mantuwa. Ta ce a ƙasarsu wannan salla tana zuwa ne lokacin da sanyi ya wuce, itatuwa suka fara toho, kuma 'ya'yanta ba su taɓa ganin ko ɗaya ba. Tana so su ga ƙwan ko da ba su ga tohon ba.

Ta danƙa mini sukari gwangwani uku da sandar cakulan biyu, waɗanda ta ɓoye shekara guda cur. Kin san halin da ake ciki: in waɗannan sun ƙare, babu wasu ko a kantin Zariya. Saura kwana ashirin sallar tasu. Na karɓa, na yi alkawari a gaban masinja da mutanen Sarki.

To, da yake kina ganina ina wannan aiki a shekarun baya, kuma mata sun fi maza riƙe ƙananan abubuwa, in akwai wani abu da kika tuna game da cikin ƙwan, wato haɗin mai da sukari, ki faɗa a rubuto mini. Ba don wani abu ba, sai don a gwada tunani biyu. Bobbo mai kawo mana man shanu, wanda na ba wannan takarda ya kai miki, zai komo jibi. A ba shi amsa.

Haza wassalam. Ni ne maigidanki,
Iliyasu Kuku

Hunkuyi, Lahadi, 26 ga Maris, 1944

Zuwa ga Lantana, bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, da tambayar lafiyarki da ta mai jego da ta jariri. Yaya gajiyar dafa ruwan wanka a wannan zafi? Allah ya ba da lada. Ina gaida Malam Ashafa, kuma na yaba da kyawun rubutunsa.

Amsarki ta iso. Na ji cewa Inuwa yana da kunnuwa irin nawa. Allah ya sa ya fi ni jin magana. Na kuma ji inda kika ce ke mai alewar madara ce ta ƙofar gida, ba ki san aikin Turawa ba, kuma wanda aka ba takardar shaida ya fi kowa sanin abin da aka shaide shi a kai. Na sa tabarau na karanta wannan wuri sau uku. Na san muryarki ko da ta bi ta alƙalamin wani.

Ranar Alhamis na gwada da gwangwani ɗaya. Na zuba man da Bobbo ya kawo, sabo daga ƙwarya, na zuba sukari, na tuƙa har kafaɗata ta yi ciwo. Na mulmula guda goma sha biyu, na jera a faifai, na tafi sallar azahar. Da na komo, ban tarar da ƙwai ba, sai tafki, ƙudaje suna ta walima. Na ɗanɗana abin da ya rage: tsamin nono a gaba, sukari kuma yana ƙaras-ƙaras a haƙori kamar an zuba yashi. Na haƙa rami a bayan rumbu na binne, don kada maƙwabta su gani.

Ina zaton man bana ne ba shi da kyau, domin shanu ba su da ciyawa. Na faɗa wa Bobbo haka, ya dube ni ya ce man nan ne dai yake kawowa gidan nan tun zamanin mahaifiyarsa, kuma bai taɓa jin uwargida ta yi ƙorafi ba. 

Jiya Baturiya ta wuce ta ƙofar gida da yaran. Ƙaramar, mai shekara biyar, ta nuna mini kwandon da ta saƙa da kaba don zuba ƙwan. Na ce mata aiki yana tafiya.

Saura gwangwani biyu. Ƙwaƙwalwar tsoho takan yi rauni, Lantana. Ki ƙara tunani.

Wassalam. Maigidanki,
Iliyasu

Hunkuyi, Asabar, 1 ga Afrilu, 1944

Zuwa ga Lantana, 'yar mutanen Taba, uwar 'ya'yana. Gaisuwa da girmamawa, da fatan kowa yana lafiya.

Bobbo ya iso, bai kawo takarda ba, sai ƙaramin ludayinki na awo, a naɗe cikin ƙyalle. Na gwada da shi. Awo ya yi daidai, amma sauran duk yadda yake: gwangwani na biyu ya bi na farko bayan rumbu. Saura ɗaya, saura kwana takwas.

Malam Ashafa, yanzu da kai nake. A al'ada, akwai maganar da mutum ba ya yi a gaban surukinsa, kuma saboda kai ne na yi ta kewaye-kewaye a takardu biyu. Yau na ajiye wannan kunya. Ina roƙonka ka karanta abin da ke tafe yadda yake, kada ka rage murya, kada ka tsallake layi. In Huseina tana kusa, a bar ta ta ji.

Ni Iliyasu ban taɓa haɗa cikin ƙwan nan da hannuna ba, ko sau ɗaya.

A shekarar da na kama aiki a Zariya, uwargijiyata ta nuna mini sau ɗaya daga littafinta, ta ba ni kaya, ta ce in aikin bai yi ba za ta nemi wani kuku. Na lalata rabi. Na komo gida da sauran a cikin kwano, na zauna a bakin ƙofa, na kasa cin tuwo. Ke ce, Lantana, kika ɗauki kwanon ba tare da kin tambaye ni komai ba, a lokacin kina goye da Huseina. Da na dawo daga masallaci da safe, na tarar da su jere a ƙarƙashin randa, farare, sumul, kamar zabuwa ce ta saka su. Na kwasa na kai kicin ɗin Bature, na narka cakulan, na tsoma. Tsomawar kaɗai ce tawa. Haka muka yi shekara goma sha tara. Kowace shekara ina fita masallaci kina farawa, ban taɓa tsayawa na ga yadda kike yi ba, domin in na tsaya na gani, dole in yarda cewa ke kike yi.

Da aka ba ni takardar shaida, aka rubuta ƙwan nan a cikinta, na sa ta a gilashi na rataye a zaure. Ranar bikin Huseina na tsaya ina fassara ta ga dangin ango, ina kwatanta musu yadda nake mulmulawa. Kina bayan asabari da ƙwaryar fura a hannu, kina ji. Na ga ƙafafunki. Ba ki ce komai ba a ranar, ba ki ce komai ba har yau, ni kuma na mayar da shirunki kamar yafewa.

Ba na cewa ki rufa mini asiri; na gaji da rufin. Gobe in Allah ya kai mu zan tafi bariki in faɗa wa Baturiya gaskiya, in gaya mata inda gwangwani biyu suka tafi. In kin ga dama ki koya mini, saboda yarinyar nan mai kwandon kaba. In ba ki ga dama ba, ba ki yi laifi ba, sai in mayar mata da sukarinta. Abin da nake nema a wurinki ya fi ƙwai: ki yafe mini.

Na roƙi Bobbo ya juyo a kan keke ba tare da ya kwana biyu ba.

Wassalam. Mai neman gafararki,
Iliyasu

Hunkuyi, Litinin, 10 ga Afrilu, 1944

Zuwa ga malamata Lantana. Gaisuwar almajiri ga malaminsa, da tambayar lafiyarki, da ta Huseina, da ta angon da nake jin ya fara murmushi. Malam Ashafa, na ga layin da ka ƙara a ƙasan takarda da hannunka, cewa girmana bai ragu a idonka ba. Na gode. Allah ya ba ka surukin da zai yi maka haka.

Takardarki ta iso ranar Laraba, shafi biyu. Na ji cewa kin sa an maimaita miki wuri ɗaya har sau biyu, sa'an nan kika ce a ɗauko alƙalami tun tsohon nan bai binne sukarin mutane duka ba. Na ji kuma kin ce kin yafe tun ranar bikin, jira kawai kike in tambaya. Wannan ya fi mini nauyi a kan da kin yi faɗa.

Na bi umarninki ɗaya bayan ɗaya. Na wanke man da ruwan randa sau bakwai, har ruwan ya fito garau, tsamin ya tafi. Na daka sukari a turmi, ni da furfurata, na tankaɗe da rariya, na sake tacewa da farin mayafinki na cikin adaka har ya zama kamar garin alabo. Matar maƙwabcinmu ta ji daka ta leƙo ta katanga. Na gaishe ta, na ci gaba. Na sa ɗan gishiri a bakin yatsa da ludayi ɗaya na madara. Na fara tun rana ba ta fito ba, ina tsoma hannuwana a ruwan sanyi kafin kowane ɗaya, na jera su a kan ganyen ayaba bisa jiƙaƙƙen yashin gindin randa. Shekaru nawa ina ganin yashin nan a jiƙe, ina zaton randar ce take yoyo.

Sun fito goma sha biyar. Ba su kai naki ba: wasu sun yi kama da gauta, ɗaya kuma ko ni ban san abin da ya yi kama da shi ba. Amma sun tsaya da ƙafarsu, kuma da na tsoma su a cakulan ranar Asabar, riga ta rufe aibi.

Game da Baturiya: da na faɗa mata gaskiya a wancan mako, fuskarta ta yi ja saboda sukarin, ban kuwa ga laifinta ba. Daga baya ta tambayi sunanki, ta sa na maimaita har ta iya faɗa. Jiya ta ɓoye ƙwan a cikin shingen bariki da gindin mangwaro, yaran suka yi ta nema suna ihu tun da sassafe, kafin rana ta taɓa su. Ƙaramar ta cika kwandonta, ta ɓata fuska da cakulan har kunne. Baturiya ta rubuta sabuwar takarda da sunanki a kai. Na sauke tawa daga zaure. Ƙusar tana nan tana jiran ki zo ki ce a rataya ko kada a rataya.

Sai ta ce in faɗi abin da nake so na lada. A nan ne wani abu ya faɗo mini wanda ban taɓa tunaninsa ba. Tun da a kicin ɗin Bature nake tsomawa, kuma a ƙirge ake karɓa, ke ba ki taɓa ganin ƙwan nan da rigarsa ba, balle ki ɗanɗana. Shekara goma sha tara kina yin abin da ba ki san ƙarshen ɗanɗanonsa ba. Na ce mata ladana ƙwai ɗaya ne.

Ga shi nan tare da wannan takarda. Na zaɓi wanda ya fi kama da ƙwai. Na sa shi a ƙaramin gwangwani, gwangwanin a cikin tukunya, na cika gefe da jiƙaƙƙen yashi, na rufe da tsumma mai ruwa. Bobbo ya yi alkawarin tashi da asuba, ya riƙa yayyafa ruwa a kowace rijiya ya wuce, ya fake a inuwa in rana ta take. Ya ce ko amarya bai taɓa rakawa da irin wannan lallashi ba.

In ya iso da siffarsa, ki dube shi da kyau kafin ki ci. In kuwa rana ta fi ƙarfinmu ya narke a hanya, ki sa yatsa ki lashe, kada ki raba da kowa, ko da Huseina. Sa'an nan ki sa a rubuto mini inda na yi kuskure, domin na san akwai.

Ina ƙirga kwanakin arba'in. Yashin gindin randa ina jiƙa shi kowace safiya.

Haza wassalam. Ni ne maigidanki, mai tsoma ƙwan Lantana,
Iliyasu